Wuyana da Kwandon Taki

Litinin, 15 Afrilu 2024
Na dawo daga asibiti kan ciwon wuyan nan. Na zaci allura za su yi min. Sai wata ma'aikaciya sa'ar 'yata, wai Luba, ta ce, "Baba, maganinka motsa jiki ne." In ja haɓa baya sau goma, in waiga dama, in waiga hagu, safe da yamma. Kuma kada in ƙara ɗora kaya a ka. Kuɗin mota ya tafi a kan a koya min gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Alhamis, 18 Afrilu
Kwando tara na kai gona yau. Tun da tsadar bara ta ci jakina, wuyan nan ne jakin. Takin zamani ya fi ƙarfina. In takin gida bai isa gona kafin ruwan shuka ba, geron bana sai dai mu gani a gonar wasu.

Asabar, 27 Afrilu
Ina yin abin nasu a bayan rumbu, kada a gan ni. Barira ta kama ni, ta yi dariya har da riƙe ciki. Matar mutum ke nan. Da ta gama ta ce, "Malam, ka ari jakin Khalilu mana."
Khalilu! Ƙanen da ya ci min iyakar gona bayan rabon gado? Shekara shida ko gaisuwa. Gara wuyan ya karye.

Lahadi, 5 Mayu
Hannun dama ya fara mutuwa. Sau biyu fartanya na suɓuce min.

Talata, 14 Mayu
Na koma asibiti. Luba ta taɓa ƙeyata kawai ta gane ban daina ɗaukar kaya ba. "Baba, muna ɗinki kana farkewa. In hannun nan ya tafi, ba lallai ya dawo ba." Mai albashi ba ta san zafin rani ba. Na dai ajiye kwandon, don na tsorata. Rabin takin na nan jibge a ƙofar gida, hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas.

Alhamis, 23 Mayu
Da muka sallame la'asar, wuyan ya juya hagu har ƙarshe, karo na farko cikin shekara biyu. Ashe Khalilu ne a gefena. Ya rame, gemu duk furfura. Yaushe haka?
Ban shirya ba, sai ji na yi bakina ya ce, "Jakin naka na da aiki gobe?"
Ya sunkuyar da kai. "Ba shi da shi, Yaya."
Ni ban yafe iyakar ba. Ya ce da hantsi zai zo, da mangalarsa.