Zaren da Na Ja da Bik

Gaya, daren Talata, 11 ga Nuwamba

Na gaji. Wuta ta tafi tun magariba, sauron kogi ya hana ni sakat.

Yau na kai wa 'yan ajin ƙarshe hoton da aka ɗauka da babban madubin lantarki mai nuna abin da ido ba ya iya gani. Ƙwayoyin halitta biyu ne manne da juna, ga mitokondiri, 'yan jakunkunan da ke ba ƙwaya ƙarfi, sun taru a bakin mahaɗar, wasu siraran zare sun ɗaure su da ita. Saboda zaren nan na zaɓi hoton. Amma injin mai fotokopi na bakin tasha tawadarsa ta ƙare, ya cinye zaren ƙaf. Jiya na zauna na ja su da bik, wato biro, a kowace takarda, har wuyana ya ƙage.

Ina cikin bayani sai wata ɗaliba, Hadiza, ta shafa takardarta, tawada ta ɓata mata yatsa. Ta kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, ta ce, "Mushe, wannan zaren ka gan shi ne, ko kai ka zana?"

Aji ya fashe da dariya. Raina ya ɓaci, na kusa korar ta waje. Sai na ce ni na zana, kuma madubin ma ban taɓa ganinsa ba, sai a littafi.

Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa. "Mushe, ni zan je in gani da idona, in dawo in gaya maka."

Na ce Allah ya sa. Ban iya gaya mata ba cewa ni ma haka na ce wa nawa malamin.