Ki Buga Mata Ƙofa

Akurba, Lafiya
26 ga Maris, 2020

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Mu'awiya. Mu nan Babanku lafiya lau, sai dai gwiwar nan tasa. Ƙanenki Muhyiddin ya dawo gida, an rufe makarantarsu. Gwaggonki Asma'u tana tari, amma na hayaƙin murhu ne, kada ki sa komai a ranki. Ni ma jikina ƙalau, barci ne dai ya ƙi.

Na zaɓi rubutu ne domin a waya kuka yake riga ni magana. Maƙwabciyarmu Dooshima za ta ɗauki hoton takardar ta tura miki. Ki yi haƙuri da layin da ya karkace, kin san sai da na yi furfura na shiga ajin manya.

Kin ji an rufe filin jirgi saboda cutar nan da ta game duniya. Jibi Asabar ya kamata in taso zuwa Ingila in zauna miki jego. Jakar tana nan gefen gado, ban kwance ta ba. Akwai yajin jego, da kanwa, da garin kunu, da gishirin Keana, da zannuwan goyo uku. Babanku yana tsokanata wai in ba shi yajin kafin ya huce. Na ce ya taɓa ya gani.

Kin ce a can an hana fita sai sayen abinci, ana yin layi a ƙofar kanti kowa nesa da kowa, kuma ko shinkafa babu a kan kanta. Kin ce Mu'awiya ya koma kwana a ɗakin da asibitinsu ya ba ma'aikata, don kada ya kwaso miki cutar. Ya yi daidai, Allah ya yi masa albarka. To amma ke fa? Wata tara, a hawa na uku, ke kaɗai. Wa zai dafa miki ruwa? Duk abin da na tambaye ki, amsarki ɗaya ce, wai lafiya lau.

Ki gaida shi. Allah ya raba lafiya.

Mahaifiyarki,
Iyatu

Akurba, Lafiya
5 ga Afrilu, 2020

'Yata,

Ina gaishe ki, ina tambayar nauyin jiki. Tarin Gwaggonki ya tafi. Kowa lafiya, ban da ni.

Jiya Mu'awiya ya kira Babanku. A bakinsa muka ji cewa kin yi kwana biyu mararki tana murɗawa ba ki gaya wa kowa ba, sai da ya ga fuskarki a waya ya matsa miki. Ya ce likita ya duba, ba haihuwar ba ce tukuna. Ya kuma ce akwai wata Baturiya da ƙofarta ke kallon taki. Tana ajiye miki burodi da madara, ta danna ƙararrawa ta ja da baya. Har ta turo lambar wayarta ta ƙarƙashin ƙofa, amma ba ki taɓa kiranta ba, wai kina jin nauyi. Ranar Alhamis da mutane suka fito taga suna tafa wa ma'aikatan asibiti, ta ɗaga miki hannu, kika saki labule.

Ban ga laifinki ba. Ni na koya miki. Ni na ce miki mai cikin fari ba ta nuna ciwo, ba ta ɗaga murya, kunya ce adonta. Haka aka gaya mini, haka na gaya miki. Abin da ban gaya miki ba shi zan rubuta yau.

Shekarar da aka kai ni gidan Babanku a Assakio na yi ciki. Ranar da naƙuda ta zo, lokacin haƙar doya ne, da hantsi. Surukata tana tsakar gida tana shanya kuɓewa, tsakanina da ita bai fi taku goma ba. Na shige ɗaki na ciji gefen zanena. Tun hantsi har la'asar ban yi ko tari ba, don kada a ce amarya ba ta da kunya. Da ta ji shirun ya yi yawa ta leƙo, ta ƙwala ihu aka kira ungozoma. Namiji ne. Ungozoma ta ce da an kira ta da azahar, da wataƙila an same shi da rai. Mata suka yi ta yaba dauriyata. Ba a yi suna ba, kuma ba a sake zancensa a gidan ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. A nan ma akwai mutum a bayan ƙofa na yi shiru, balle ke da kike ƙasar da kowa ya kulle kansa.

Don haka na janye abin da na koya miki. In ciwo ya zo, ki kira asibiti, ki kira mijinki, ki yi ihu har na hawan ƙasa su ji. Amma kada ki jira ranar. Gobe da safe ki rufe hancinki da takunkumi, ki buga wa matar nan ƙofa, ki ja da baya yadda dokarsu ta ce. Ki gaya mata watanki ya tsaya, uwarki ba ta samu zuwa ba. Ki ce in ta kwana ɗaya ba ta ji motsinki ba, ta buga, in ba ki amsa ba ta kira motar asibiti. Wanda ya ajiye miki burodi ba zai ƙi jin kukanki ba.

Tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki ba. Kowa ya ɗauka kunyar 'yar fari ce, na bar su a haka. Yanzu kin san ba ke ce ta fari ba.

Nasiha. Ga sunanki na rubuta, Dooshima ta duba ta ce ban yi kuskure ko ɗaya ba. Nasiha, likita ya ce miki sha biyar ga wata, amma haihuwa ba ta duba kalanda. Ki ba ni amsa kafin Alhamis. Ba na son lafiya lau. Sunan matar nake so ki rubuto mini, da abin da ta ce da kika buga.

Allah ya sauke ki lafiya.

Taki har kullum,
Innarki Iyatu