Kiristal Kika Ce, Rabi'atu

Zuwa ga Rabi'atu, sanyin randata, ruwan farko a gonar da ta gaji da jira, hasken idon Manzo!

Kin san abin da harshenki ya jawo mana? Saƙon muryar nan da kika aiko wa gwaggonki daga Faransa, kika ce karatunki ya koma kan kiristal, to kunnenta ya cinye harafin ƙarshe. Kafin la'asar magana ta baro garinku Kona ta cika tashar Tasawa: wai ɗiyar Malam Jibo ta zama Kirista! Kawu Lawali ya ba ni zuwa Juma'a in je in karɓo goron tambayarki, ko in nemi wani kawun. Sau uku na kunna mishi saƙon, ya ce shi dai abin da ya ji ke nan.

Wallahi ba ni karɓowa! Ni za a gaya wa kiristal, dutsen da ya raba ni da ke shekara biyu?

Kin tuna ranar da kika zube gyaɗa bisa tabarma, gindin itacen bedin gidanku? Kika ce saƙar tabarmar ce kiristal, ta duk inda aka dube ta tsarinta ɗaya, gyaɗar kuwa ƙwayoyin lantarki. In sanyi ya kama su sai su jeru layi-layi, kowace ta kafe a gurbinta, har saƙar ta karkace, kuran, wato wutar lantarki, ya riƙa wucewa da ƙyar. Amma in an matse dutsen da ƙarfi, layukan su watse, ƙwayoyin su kama juna biyu-biyu, su wuce ba mai tare su, waya ko ɗumi ba ta yi. Ni mai gyaran kuran, da yatsuna duk tabon ƙuna, na yi miki dariya, na cinye rabin ƙwayoyinki. Yau ba dariya nake ba.

Sun jeru, Rabi, layi-layi: kawu, gwaggo, 'yan tasha. Su matsa mana! Ashe ba su san abin da matsi ke haifarwa ba? Kewarki ce ke cina, ya farin watana, ba surutunsu ba. Ina sonki, kuma ba a ɓoye ba.

Juma'a zan tafi Kona kamar yadda aka umurce ni. Zan durƙusa gaban Malam Jibo, amma ba goro zan karɓo ba. Rana zan roƙa a sa mana.

Naki shi kaɗai, har ƙasa ta rufe mini ido,
Manzo