Riɗin da Inno Ta Tsince

Dutsin-Ma, Jihar Katsina.

Zuwa ga Yaya Mas'ud,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya a Istanbul, Allah ya tsare ka, ya sa a gama karatu a sa'a. Mu nan alhamdulillahi. Sumayya ta yaye ɗanta, ƙafar Baba kuma ta yi sauƙi har ya koma rumfarsa a kasuwar Kurfi.

Yaya, zancen riɗin nan ne ya hana ni sukuni. Da ka ce a aiko da samfuri ka nuna wa ɗan kasuwar nan na wurinku, sai Yaya Rabe ya yi abin da kowa ke yi, ya gyara fuskar kaya. Kakarmu Inno ya kai wa, tsohuwa ta zauna da faifai ta sheƙe, ta tsince tsakuwa ɗaya-ɗaya har ya yi fari tas. A nan ai kowa ya san saman buhu ado ne, mai saye zai zura hannu ƙasa, a yi ciniki, a rabu ana dariya. Ashe a can abin da ka nuna alkawari ne. Yanzu mutumin ya ce irinsa sak yake so, kwantena guda, in ya bambanta ya dawo mana da shi.

Gida ya rabu biyu. Yaya Rabe, ka dai san shi da rawar kai, har ya fara kiran kansa mai fitar da kaya waje. Ya ce a amsa, a cika da na manoman Wurma yadda yake, wai wa zai buɗe kowane buhu. Baba ya ce bai taɓa sayar wa wanda bai ga idonsa ba, kuma sunansa ne a jikin buhunan. Ni wallahi tsoro nake ji. Ba mu da injin gyara, in kuwa kayan suka dawo, Baba ba zai iya haɗa ido da mutane a kasuwa ba.

Don Allah ka je ka faɗa wa mutumin gaskiya kafin Yaya Rabe ya ba shi amsa. In zai jira mu samu inji, to. In ba zai jira ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ka hanzarta, don Inno ta ji gardamar, ta ɗauka ita ta jawo mana. Kullum tana zaune da faifai tana tsince riɗi, idanunta na zubar da ruwa, tana tambayata ko kwantenar nan ta kai rumbun Baba girma.

Ka gaishe da abokinka Fahad. Baba da Sumayya da Naziru suna gaishe ka. Inno ma tana gaisuwa, ta ce kada ka damu, za ta gama.

Ƙanwarka,
Mardiya