Yayana Zai Naɗe Hannu Da Bandeji Ya Tafi Nnewi

Assalamu alaikum, Anti Jummare. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ta sama. Ranar ce yayana zai hau mota, ni kuwa ko abinci ya daina yi mini daɗi.

Zan kira shi Ishaku, ko da yake ba sunansa ba ne. Yana da shagon kayan gyaran babur kusa da Tina Junction a nan Jos. Shekara uku da suka wuce, tsohon maƙwabcinsa a kasuwa, Oga Alphonsus, wanda ya koma garinsu Nnewi bayan rikicin 2001, ya buɗe shago a intanet. Yana sa hotunan kaya da farashi, dillalai su aiko da oda ta imel. Sai ya ɗauki yayana wakilinsa na Arewa.

To Anti, yayana bai iya karatun boko ba. Daga aji uku ya bar firamare lokacin da aka sallami Babanmu daga aikin haƙar kuza, ya shiga gareji don mu samu na tuwo, kuma shi ya riƙe ni har na gama difloma. Don haka ni nake zuwa kafe na intanet in karanta saƙonni, in dawo in faɗa masa, ya ba ni amsa, in koma in rubuta in sa sunansa a ƙasa. Oga ya ɗauka yayana makarantar yaƙi da jahilci ta manya ya shiga. Har yakan kira shi a waya yana yaba masa Turanci, shi kuwa sai dariya.

Yanzu idon Oga ya yi rauni, zai koma wajen 'yarsa Nkoli. Ya ce ba wanda zai miƙa wa shagon sai Ishaku. Yana so ya je Nnewi ya yi kwana uku, a zaunar da shi gaban kwamfuta, a nuna masa yadda ake sauya hoto da farashi, a ba shi lambar sirri, a haɗa shi da masu kawo kaya.

Jiya ina gyara masa jaka na tarar da bandeji sabo fil. Da na matsa masa, sai ya ce zai naɗe hannun dama ya ce babur ne ya kayar da shi, a rubuta masa komai a takarda ya kawo mini. Na ce mu tafi tare, ya ce a'a, me zai ce na je yi? Na yi dariya a gabansa, na shiga ɗaki na yi kuka.

Ba raina shi nake yi ba. Mutumin da zai saki ringin fistin a ƙasa ya gane na jabu daga ƙararsa kawai! Ni sau ɗaya na yi oda ban tambaye shi ba, aka kawo kacar da ba ta shiga babur ko ɗaya a Jos. Amma ni na rubuta saƙonnin nan, ni na lallashi wani dillalin Gombe da ya yi fushi, ni na sha layi a kafe. Ba na son komai, wallahi. Sai dai wani lokaci zuciyata takan ce in aika wa Oga layi biyu kawai in faɗi gaskiya. In na yi, na tozarta wanda ya raine ni. In na yi shiru, ko a gane shi a can ya rasa shagon, ko ya dawo da shi in ci gaba da zama marar suna. Yaya zan yi?

Ƙanwar Ishaku, Jos

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kada ki aika da layi biyun nan. Gaskiya ce, amma ba taki ke kaɗai ba ce. Idan Oga Alphonsus ya ji ta ta bayan fage, abin da zai gani shi ne gidan da ƙanwa ke kai ƙarar yayanta, kuma ba wanda ke miƙa wa irin wannan gida amanar kasuwancinsa.

Bandejin ma ba mafita ba ne. Hannu yake rufewa, ba ido ba. Da zarar an ce ya karanta abin da ke jikin allon kwamfuta, magana ta ƙare, kuma a gaban baƙi, a garin da ba shi da kowa. Yayanki ba macuci ba ne. Kunya ce ta shekaru ta kama shi, kunyar abin da ya sadaukar don ke ki samu. Ki riƙe wannan a ranki in za ki yi masa magana.

Ke ma ina da gyara a kanki. Kin ce ba kya son komai, amma kin rubuta "ni na" sau uku a jimla ɗaya. Kina son a san aikinki, kuma hakkinki ne. Ki faɗe shi a fili. Buƙatar da aka danne ita ce ke zama gaba daga baya.

Ki same shi ku biyu, ba a shago ba, ba gaban iyalinsa ba. Ki nuna masa cewa wakilin da Oga yake yabo mutum biyu ne: kunnen da ke gane jabu da hannun da ke rubutu. Ɗaya ba ya tafiya sai da ɗaya, kacar nan shaida ce. Sannan shi da bakinsa ya kira Oga kafin Asabar, da Hausar da suka saba tun a kasuwa, ya ce zai zo da ƙanwarsa mai kula da ɓangaren kwamfuta. Ba dole ya yi dogon bayani ba.

Ina ma zargin Oga ba zai yi mamaki ba. Wanda ya yi shekaru yana maƙwabtaka da mutum a kasuwa ya san ko yana sa hannu ko dangwala yatsa yake yi. Mai yiwuwa ya daɗe da ganewa ya rufa masa asiri. Ban tabbata ba, amma mai neman magaji amana yake fara dubawa kafin Turanci.

Idan kun isa, a rubuta yarjejeniya da sunayenku biyu, a fayyace aikin kowa, lambar sirri ta kasance kun san ta ku duka. In kun dawo, ki ware masa rabin awa kullum. Wanda ya haddace ɗaruruwan kayan babur, haruffa ashirin da 'yan kai ba za su gagare shi ba.

In kuma ya ƙi, kada ki tona shi. Ki gaya masa cikin ladabi cewa za ki ci gaba da aikin, amma daga yanzu da sunanki za ki rufe kowane saƙo, a madadinsa. Ki bar shi ya auna.

Shi ya kai ki makaranta da guminsa. Ki ce masa ranar cin moriyar wannan gumi ce ta zo, ya mayar da bandejin kemis ya sayi tikiti na biyu. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku da alheri, Ya ƙara haɗa kanku.

Jummare