Launin Ɗakin Kaka Iyatu

Tamanrasset, ranar Lahadi

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggo Raihana da duk mutanen Damagaram. Yaya ƙarin haƙurinmu na Kaka Iyatu? Allah ya haskaka makwancinta.

Inna, na rubuto ne domin a waya bakina nauyi yake yi. Tun da kika tafi jinyar Kaka, girki da wanki da shara duk suna kaina. In na komo daga makarantar lekkol na ɗora tukunya, ina buɗe littafi barci ke sace ni. Baba ya ce idan ba ki dawo ba, in ajiye karatun bana in riƙe gida. Ba cikin fushi ya faɗa ba, shi ma ya gaji.

Mun ji abin da kika gaya wa Gwaggo, wai ba za ki iya komowa ɗakin siminti mai launin toka ba, kabari yake tuna miki. Jiya sai Baba ya rufe shagonsa na kasuwar Assihar da wuri, ya ja ni wurin wani Balarabe mai sayar da fenti, ya ce na fi shi tuna ɗakin Kaka, in zaɓo launinsa. Balaraben ya miƙo mini kati cike da launuka, wai dukansu bej ake kiran su. Ban san launin ƙasa yana da dangi haka ba. Mutane na jira a bayana, kunya ta kama ni, na nuna ɗaya.

Ki gaida Gwaggo.

Ɗiyarki,
Raliya

Tamanrasset, ranar Talata

Innata,

Sallama da fatan alheri. Ya jikinki, ya zafin can?

Fentin bai yi ba. Da yana ɗanye, ɗakin Kaka sak. Da ya bushe ya koma fari fat kamar bangon asibiti. Baba ya ƙara ruwan ɗorawa da hannunsa, muka shafa a gefe, ya fito kamar kunun masara. Na uku da safe yana da kyau, amma da la'asar in rana ta shigo ta taga sai ya yi ja. Yanzu bangon dabbare-dabbare yake kamar fatar akuya. Hajiya Rahma maƙwabciyarmu ta leƙo, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tambaya ko mu ma shagon fenti za mu buɗe.

Ina rufe ido ina ganin ɗakin Kaka, Inna. Wajen ƙofa ya yi duhu saboda hannuwa, saman gado kuma hayaƙin turaren wutarta ya dafa shi. Ban ga wannan a katin Balaraben ba.

Kafaɗuna ciwo suke, fenti ya ƙi fita daga farcena. Wannan makon ban leƙa lekkol ba, ga jarrabawa ta matso. Baba ya ce ya isa haka, ranar Juma'a za mu shafe ɗakin duka da mai kama da kunun. Na sa ya tura hoton bangon a wayar Gwaggo. Ki yi haƙuri, iyakar ƙoƙarinmu ke nan.

Taki har kullum,
Raliya

Tamanrasset, ranar Asabar

Innata,

Barka da war haka. Ina fatan kin tashi lafiya.

Saƙon muryarki ya iso kafin mu fara shafa fentin. Mun ji faɗan duka: kada wanda ya sake taɓa miki bango, ni da ubana ba mu da ido, ko akuya ba ta kwana a wannan launin. Tun rasuwar Kaka ban ji muryarki da ƙarfi haka ba. Baba ya yi ta maimaita saƙon, musamman wurin da kika ce a gaya wa Illo direba ya ajiye miki wuri a motarsa daga Agadas. Daga nan ya danne murfin gwangwanin fentin da diddige, ya ce jibi in koma lekkol.

Na wanke buroshi, na goge kayan lekkol. Murna tana nan, amma barci nake ji tukuna.

Bangon mun bar shi yadda yake. Ki zo ki ƙarasa mana faɗan a gabansa.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ɗiyarki mai jiranki,
Raliya