Sunan da Nake Kankarewa

Daga Nebnefer masassaƙin dutse a birnin Waset, zuwa ga matata Iset a tsibirin Abu.

Matata, ubangijinmu Amun ya ba ki rai da lafiya. Yaya Inna da ciwon gwiwa? Ruwan kogi ya kai gonarmu bana?

Ni lafiya lau nake. Burodi da albasa ba sa yankewa, tarin nan ma ya yi sauƙi, sai dai in ƙurar dutse ta yi yawa.

Amma kaina ya ɗaure. Shekara tara ina sassaƙa sunan Sarauniya a bangon haikali. Ta rasu, sabon sarki ya hau, sai aka miƙo mini gudumata aka ce in kankare sunanta kaf. Na tambayi shugaban aikinmu, "Ranka ya daɗe, me ta yi?" Ya ce, "Wa?" Na faɗi sunan. Ya ce, "Ba a taɓa yin mai wannan suna ba. Daki dutse, ka bar bakinka ya huta."

To ni wa na yi wa aiki shekara tara? Kin kuma san wanda aka shafe sunansa ba shi da mazauni a lahira.

Ga dalilin saƙon nan: 'yarmu da muka sa wa sunan Sarauniya. Marubucin da ke rubuta mini wannan ma ya ƙi sa shi. A waje ki riƙa ce mata Auta. Amma a ɗaki, in za ki ba ta abinci, ki kira ta da ainihin sunan. Ko laifi ne, ban sani ba.

Amun ya tsare ku. Ni ina kankarewa a nan, ke ki riƙa faɗin sunan a can.